Ta Madubin Babur Na Gan Ki

Zuwa ga Mubina, sanyin idona, inuwar mangwarona a tsakar ranar Minna, ruwan Tagwai da sassafe tun kwale-kwalen masunta bai tsaga shi ba, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ke da Mama da duk mai kwana a ƙarƙashin rufin gidanku na Limawa, rufin nan da nake buga wa ƙusa ranar da na hango ki kina shanya, guduma ta sauka a kan babban yatsana ban ji ba sai da yamma.

Na gan ki, Mubina. Jiya Talata da safe na gan ki, ke ba ki gan ni ba, kuma laifin nawa ne.

Kin sauka daga napep a bakin layin, da hijabinki ruwan toka, da kular abinci rungume a ƙirji kamar jaririya. Kika dubi gidan farko, kika dubi na biyu. Kika buɗe baki za ki tambayi Iya Kafayatu mai ƙosai, sai kika fasa, don wace budurwa ce za ta tsaya a unguwar da ba tata ba tana ambaton sunan namiji? Wayyo ni! Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har da tabarmata.

Za ki ce ta yaya na gani alhali ina kwance. Bari ki ji yadda duniyata ta koma. Yau kwana talatin da takwas ina ɗakin Baba mai ɗori a nan Chanchaga, tun ranar da katako ya goce da ni na faɗo daga kan wani gini. Ƙafar dama ta karye a wuri biyu. An ɗaure ta da tsagaggen gora da tsumma, ana shafa man kaɗe safe da yamma, ba tashi, ba juyi. Tagar ɗakin tana can sama, ni ina nan ƙasa. Abokin kwanciyata, Tsado, wani Banufe ɗan acaɓa da ya karya hannu, ya zo da madubin babur ɗinsa, wai madubin kaɗai ya tsira a hatsarin. Da hannu ɗaya da haƙori ya ɗaure min shi a ƙarfen tagar, ya yi ta karkata shi har layin ya faɗo ciki. To, duk Minna ta dawo min faɗin tafin hannu. A ciki na san lokacin da Iya ke hura wuta, na san akuya mai yagaggen kunne da ke satar mata ƙullu, na san matan Gbagyi uku da ke wucewa da itace a kafaɗa. Ta tsakiyar tana ɗan ɗingishi, kuma kullum ita nake kallo.

In ciwo ya taso bayan an gama shafa, sai in ɗauki waya in buɗe manhajar nan ta haɗa kiɗa, mai sautukan gem ɗin da, irin na kaset da muke bugawa a talabijin muna yara. Kin tuna? Yaya za a yi ki manta! Ranar da ruwa ya tsare ni a barandarku bayan la'asar na nuna miki ita. Na taɓa sautin tsalle, firit, kika dafe baki. Na taɓa na tsintar kwabo, tilin, kika ce wallahi har kin ji ƙamshin falon kawunki, da rigimar wa zai karɓi hannun gem. Kika ce duk gidan ba wanda kaset ɗin ke jin maganarsa sai ke, in ya ƙi tashi ke ake kira ki hura masa iska. Na ce ashe tun kina ƙarama kike farfaɗo da abin da ya suma. Kika harare ni, hararar da ta fi min murmushin kowa daɗi.

Sannan kika karɓi wayar. Akwatuna goma sha shida ne a jere, wani ɗan haske yana bi ta kansu, duk wanda aka cika sai ya yi ƙara in hasken ya iso. Da yatsanki mai jan lalle kika cika huɗu, ba tunani ba komai: biyu a sama, ɗaya can ƙasa, na ƙarshe ya makara kamar mai shiga masallaci an riga an tada salla. Na ce wannan a karkace yake, bari in gyara. Kika ce in na taɓa shi ba za ki raka ni ƙofa ba. Ban taɓa ba. A kan huɗun nan naki na gina komai. Na sa ganga mai kama da yayyafi a kan kwano, na sa wani siririn sauti yana bin naki a baya kamar ɗan tsako, na sa mai kauri a ƙasa ya zama ginshiƙi. Ɗaya-ɗaya nake jera su, yadda nake jera katakon rufi.

Amma ga abin da ke ci min rai, ya hasken safiyata. Manhajar ta kyauta ce, shafi ɗaya tak take bayarwa. Hasken nan in ya kai akwati na goma sha shida ba inda za shi, sai ya dawo na farko. Ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Kiɗan bai da ƙofar fita. Wani lokaci in zuba masa ido in ce, kai ma ɗori aka yi maka? Shafa, ɗauri, koko, madubi, shafa, ɗauri. Ina ranar da ba ta yi kama da jiya ba? Ina hanyar da ba ta dawowa da ni kan tabarmar nan?

Jiyan ma shi nake ji. Na jefa wayar cikin kofin silba don ƙarar ta ƙaru, kamar yadda na saba. Sai na ga kin tsaya cak a cikin madubin. Kika karkata kai. Kika biyo bangon a hankali, tafinki a jikinsa, kina bin sautin kamar mai bin ƙamshi, har kika zo daidai ƙarƙashin tagar. Duk duniya mutum biyu ne suka san huɗun nan. Ba ki tambayi kowa ba, Mubina, kiɗanki ne ya kawo ki.

Ni kuwa me na yi? Na miƙa hannu na kashe.

Na kashe, na ja zane na rufe ƙafar, sai ka ce ta bango za ki gan ta. Kika tsaya. Allah ya sani kin tsaya! Iya ta zuba ƙosai kasko uku kina nan. Sai kika ɗaga yatsa kika ƙwanƙwasa murfin kular: biyu, ɗaya, sannan na ƙarshen nan mai makara. Kika jira. Kika sake. Ba ruwan saman da ya taɓa dukan kwano ya ratsa ni haka, ba tsawa, ba ma faɗowar da na yi. Tsado yana ta zungurina yana cewa da Hausarsa ta Nufawa, “Kafinta, kafa ne ya karye ko baki?” Na cije zane. Daga ƙarshe kika miƙa wa Iya kular, kika goge ido da gefen hijabi, kika fita daga madubin. Da Iya ta shigo da ita, farfesun ƙafar sa ne a ciki. Na kasa kai shi baki. Tsado ne ya cinye, yana ci yana zagina: “Yarinya ya dafa maka wannan, kai ka boye kamar bera!”

Yanzu ga gaskiyar da na ɓoye. Ni na sa ƙanwata Safara'u ta ce miki an kai ni ƙauye can bayan Zungeru, inda ba sabis ba hanya. Ƙarya ce, kada ki ga laifin Safara'u, ni na matsa mata. Ban san yadda kika gano ba, ban kuma cancanci in tambaya ba. Dalilin kuwa, tun sati na uku na ga Baba ya auna ƙafafuna biyu da zare, ya naɗe zaren da sauri ya cusa a aljihu, ya kama yi min hirar noman doya. Ni kafinta ne, Mubina. Ban yi nisa a boko ba, amma idona awo ne. Ta dama ta gaza ta hagu da faɗin yatsu biyu. Baba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin ne ya haɗe a haka. Zan yi tafiya in Allah ya so, amma irin ta matar nan mai itace, kuma da wuya in ƙara hawa rufi. Mutumin da kika yi wa alkawari mai gudu ne a kan katako kamar ƙadangare. Wanda zai fito daga ɗakin nan mai yin ƙofa da benci ne, a ƙasa, a zaune.

Na san za ki iya cewa ai kiɗan ma a karkace kika so shi. Ba zan kama ki da wannan ba. Kiɗa in an gaji kashe shi ake yi. Miji kuwa da shi za ki shiga gidan biki, a gabansa ƙawayenki za su yi shiru.

Saboda haka na sakar miki alkawarinki, ki riƙe ko ki ajiye, ba mai ganin laifinki. Amma ƙarya zan yi in na ce ina so ki ajiye. Ina so? Yaya ƙasar da ta tsattsage za ta ce wa hadari ya wuce? Yaya kifi zai yi wa kogin Chanchaga sallama? Ke ce iskar da ke shigowa ta tagar nan, ke ce tohon farko bayan rani, ke ce shafi na biyu da aka hana ni!

Abu ɗaya nake roƙo. Juma'ar nan zan cika kwana arba'in, da hantsi Baba zai kwance ɗorin, in tsaya da ƙafata karo na farko. Ki zo, ke da duk wadda Mama ta yarda ta rako ki. Kada ki ba ni amsa a takarda, kada ki ba ni a waya. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ga yadda zan tako daga tabarma zuwa gare ki, taku nawa ne, da yadda kafaɗata za ta faɗa gefe guda. Ki kalla da kyau, kada tausayi ya rufe miki ido. Abin da zuciyarki ta ce bayan nan, shi zan karɓa. In ba ki zo ba, na fahimta, kularki na nan a wanke, za a kawo miki.

Ko kin zo ko ba ki zo ba, ba wata da za ta zauna inda kika zauna. Zan riƙe ki a raina da rani da damina, da lafiya da rashinta, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Naki har abada, wanda ya yi shiru lokacin da bai kamata ba,
Zakiyyu

Na so in tsaya a nan, amma gara ki ji daga gare ni kada ki ji a bakin wani. Tsayuwar nan taki ba ni kaɗai na gani ba. Tsado ya gani, ya ce ko a gaban alƙali zai faɗa. Iya Kafayatu ta gani, kasko na ukun ma ƙonewa ya yi. Sai ta ukunsu, wadda madubin bai nuna min ba: Innarmu. Ashe, in ji Iya, tana ƙarshen layin a gindin dalbejiya, da kokona a hannu, tun saukarki har tafiyarki. Da ta shigo, kokon kawai ta ajiye min ta fita. Yau da safe ta dawo, ta ajiye takardar nan da biro a gefen tabarmata, ta juya tana gyara mayafi, ta ce wa bango, “Safara'u za ta biya ta Limawa gobe.”