Yatsan Akeem

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Manhajata ta fara aiki a shagon Alhaji Lateef da ke Fagge. Ita ke tuƙa injin da ke yi wa shadda aikin wuya. Ba makarantar uban kowa na je ba, littattafan gwanjon Sabon Gari ne da taurin kai. Dabarar da na yi: laburaren, wato fayil ɗin da ke ba injin umarni, ban kulle shi wuri ɗaya ba. Duk filashin da aka soka sai ta leƙa, in ta ga fayil mai wannan suna ta ɗauka. In gyara ya taso, filashi kawai zan aika. Masu digiri su zo su gani.

Alhamis, 9 ga Mayu

Allura ta ratsa yatsan Akeem, mai kula da injin. Ya danna tsayawa, ya sa hannu zai gyara zare, injin ya tashi da kansa. Sau uku, har ƙashi. Jini a kan farar shadda. Ni na riƙe shi a adaidaita har asibiti, yana cizon rigata.

Alhaji ya ce, "Sammani, injin ne ko abin nan naka?" Na ce Okechukwu ne, makaniken da ya buɗe injin jiya. Wa kuma?

Juma'a, 10 ga Mayu

Na sami Okechukwu a bakin shagonsa a Sabon Gari yana cin shinkafa. "Abokina, yaya Akeem?" Iyakar abin da ya samu faɗa ke nan. Na sa masa karo a baki, na haɗa shi da ƙofar ƙarfe. Haƙori ɗaya a cikin kwanon. Maƙwabtansa suka yi mini rubdugu, wani har da benci. Idona na hagu ya rufe.

Yana tofar da jini yana ta cewa bel kawai ya canja. Maƙaryaci.

Asabar, 11 ga Mayu

Alhaji ya hana shi taka shagon, ya kuma gaya wa duk masu inji na layin. Maganinsa.

Litinin, 13 ga Mayu

Na buɗe bayanan manhajar don in samo wa Alhaji hujja. Laburaren da ta ɗauka ran Alhamis ba na injinmu ba ne. Wanda na taɓa gwadawa ne a shagon maƙwabci, inji daban, na bar shi a filashinsu. Umarnin da ke tsayar da nasu, namu tayar da shi yake yi.

Akeem ya aro filashinsu don wani sabon zanen wuya. Teloli ba sa tsintar zane ɗaya, filashin gaba ɗaya suke miƙa wa juna. Na sani. A gabana suke yi kullum.

Laraba, 15 ga Mayu

Na kulle hanyar. Folda ɗaya, cikin kwamfutar, kuma sai ta tantance fayil kafin ta ɗauka. Layi shida. Shida kacal. Na rotsa kofin shayi a bango.

Likita ya ce yatsan ba zai ƙara lanƙwasa ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Bayan an sauko masallaci na ce wa Alhaji a mayar da Okechukwu, bel ɗinsa lafiya lau. Ya ce, "To mene ne ba lafiya ba?" Na ce gobe zan zo da kwamfutar in nuna masa, a gaban Akeem.

Na biyo ta Sabon Gari, ba don komai ba, hanya ce. Okechukwu yana zaune ba inji ko ɗaya a gabansa, in zai yi magana sai ya kare baki da hannu. Na tsaya a tsallaken titi har mai rake ya tambaye ni ko wani nake jira.

Na ce a'a. Na dai tambaye shi ƙarfe nawa ake buɗe shagon da safe.