Takardun Ƙosan Mama

Zuwa ga Ishaya, abokina tun muna yara a Muchia,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, a can ƙasar Turawa. Lambarka ta daina shiga, shi ya sa na rubuto wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa inda kowa zai gani. Mahaifiyata, wadda kai ma Mama kake ce mata, ba ta da lafiya, kuma kai take ta tambaya.

Makon jiya wata ɗaliba ta zo daga Samaru har shagona, wai tana bincike a kan yadda kai babban marubuci ka taso. Ta jero mini makarantun da ka yi. Na ce mata, 'yata, kin tsallake ta farko.

Ka tuna tsofaffin takardun da masu sharar jami'a ke kawo wa Mama don naɗin ƙosai? Aikinmu ne yaga su gida huɗu. Ni ina yaga, kai kana karatu. Ka tsinci shafi ɗaya na labari, babu farko babu ƙarshe, sai ka zauna gefen murhu ka ƙarasa mana shi da baki. Masu saye su tsaya saurare, ƙosai ya huce a hannunsu.

Ran da ka ɓoye dami guda a rigarka Mama ta rasa abin naɗi, ni na sha dukan. Da ta gano gaskiya ba ta taɓa ka ba. Cewa ta yi, "Wannan yaron ba yunwar ciki ke kawo shi gidana ba." Tun daga ranar takan ware maka masu labari, ta yi naɗi da masu lissafi.

Ni a aji uku na sakandare na tsaya, kuma ba na jin kunya. Da injin walda ɗaya na fara, yau ka zaga Basawa ka ga ƙofofina. Littattafanka duk suna falona. Turancinka yakan fi ƙarfina, amma ina jin ƙamshin man gyaɗa a ciki.

Ishaya, idonta ya tafi. In ta ji motsi a bakin ƙofa sai ta ce a ba ka kujera. Na gaji da ce mata kana hanya.

Kada ka aiko komai, ba ta rasa komai ba. Ka zo kawai ta shafa fuskarka.

Ubangiji ya tsare ka, ya ara mata kwana har ka iso.

Ɗan'uwanka,
Bitrus mai walda,
Sabon Gari