Fasfon da Aka Huda

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya gida, ya yara, ya ƙafar maigidanki? Mu nan lafiya, ni da jaririyar. Ita tana ƙiba, ni ina ramewa a madadinta.

Kin tambayi yaushe zan kawo miki ita, tunda shagon tela ba wurin raino ba ne. To Yaya, ƙaninki ya sake tafka ta. Kin san daga aji huɗu na gudu, sai yanzu sakamakon ya fito.

Na je ofishin jakadancinmu da takardun asibiti biyu, ta haihuwar yarinya da ta rasuwar uwarta. Rana ɗaya aka ba ni su. Taga ɗaya ke karɓar duka, amma kowace rana abu ɗaya ake yi wa mutum. Na ce a raina ai babba ake fara gabatarwa, na miƙa ta uwar. Ma'aikaciyar ta yi mini ta'aziyya, ta buga hatimi, ta ɗauki fasfon marigayiya ta huda shi sau biyu. Na yi godiya har da rusunawa.

Washegari na koma da ta yarinya. Ashe ba a rajistar haihuwa sai da fasfon uwa wanda ke aiki, ga shi ni na sa aka kashe shi. Yanzu dai a littafin gwamnati matata ta rasu, amma ba ta haihu ba. Babu rajista, babu fasfon yarinya, babu hawa jirgi.

An ce in rubuta wa babban ofishi bayani. Na rubuta, maƙwabcina mai kanti ya gyara, bai bar mini komai nawa ba sai sa hannu.

A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sarkin Shirme

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsa ta zo, an yafe wa jahili.

Sai kuma hoto: ido a buɗe, baya fari, kada hannun kowa ya fito. 'Yar wata biyu kuwa ba ta zama. Na zauna a kujera, mai hoto ya lulluɓe ni da farin yadi, na riƙe ta ta ciki. In kin ga hoton, farin bangon nan ni ne. Ban taɓa yin kyau haka ba.

Jiya fasfonta ya fito. Sati bakwai ina sintiri a kansa, amma da aka turo shi ta ƙasan gilashi, sai da wanda ke bayana a layi ya taɓa ni kafin na ɗauka.

Za mu iso Laraba ta sama. Kwana huɗu zan yi in juyo, ɗinkin mutane na jira. Abu ɗaya: ba ta barci sai da ƙarar keken ɗinki, don a gefensa kwandonta yake. In babu tela kusa da ku, ki faɗa mini da wuri, in ɗauko miki ƙarar nawa a waya.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Sarkin Shirme