Akwatin Kiɗan Baba Ya Dawo Gida

Zuwa ga ƙanena Saifullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Mansura da yara. Allah ya tsare ku a can Kalaba, ya sa albarka a aikinka. Mu nan Birnin Kudu sai godiya. Ruwa ya zauna, gero ya yi kyau, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi tun da aka sallamo shi daga asibiti, har masallaci yana zuwa da sandarsa.

Ka sha tambayata a waya me ya sami muryata, ina ce maka mura ce. To, ba mura ba ce, abin kunya na tafka, sai yanzu da aka wuce wurin na iya faɗa. Ka tuna amfilifayar Baba, baƙin akwatin ƙarfen nan mai kwalabe a ciki kamar ƙwan fitila, wanda yake kaiwa gidajen biki tun ba a haife mu ba? Lokacin da yake kwance a asibiti na ce bari in gyara masa ɗaki kafin ya dawo. Na tarar da shi a bayan ƙofa, duk ƙura da tsatsa, rabon da ya yi magana an fi shekara goma sha biyar. Ana haka sai ga ɗan gwangwan yana kira a ƙofar gida. Ni da rawar kaina na ba shi, ya ba ni robobi biyu da bokiti, har ina murna na yi dabara.

Ran da Baba ya dawo, bai ko zauna ba ya tambayi akwatin. Na faɗi gaskiya. Wallahi da ya zage ni ko ya ɗaga mini sanda da ya fi mini sauƙi. "To" kawai ya ce, ya juya fuska bango. Mako uku in na gaishe shi sai ya amsa a gajarce, in na kawo tuwo daga gidana ya ce a rufe, ya ƙoshi. Na rame, Saifullahi. Tsorona kada wani abu ya same shi yana fushi da ni.

Maigidana Aminullahi, Allah ya saka masa da alheri, shi ya bi 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya har aka ce mutumin ɗan Gwaram ne. Muka shiga mota muka je. Ashe bai fasa shi ba, wani dattijo mai gyaran rediyo, Malam Yunusa, ya karɓe shi a hannunsa. Da muka gaya masa na waye, sai ya yi dariya ya ce ai ya gane shi tun daga nesa, da shi aka yi kiɗan bikinsa. Ya nuna mana gidan zanzaro da ya ciro a ciki da wayoyin da ɓera ya ci, ya ce kwalabe biyu sun mutu, amma zai cire daga wata tsohuwar rediyo. Na roƙe shi ya ba mu haka nan, ya ƙi, wai ba zai mayar wa mai shi da bebe ba. Bayan kwana tara muka koma, na rungumo shi a cinya har gida, duk ramin da mota ta faɗa sai in ƙara ƙanƙame shi.

Jiya bayan la'asar aka kawo wuta. Aminullahi ya haɗa shi da lasifika da garmaho, ya ɗora wani faifan garaya daga cikin na Baba, ya kunna. Shiru. Faifai na juyawa, ba ko tari. Na ce shi ke nan, hanya ta kashe shi, hawaye suka zubo mini, na miƙa hannu zan kashe. Sai Baba ya tare hannuna da sandarsa, ya ce in bar shi, wannan ba wayar hannu ba ce, sai ya ɗumama tukuna. Muka zuba ido. Kwalaben nan suka fara yin ja a hankali kamar garwashi, can sai garaya ta fito, da taushi da kauri, ka rantse makaɗin yana zaune a zaure. Baba ya lumshe ido yana buga gwiwa da yatsa har faifan ya ƙare.

Da aka juya ɗaya gefen, sai ya matsa a kan tabarma ya kira ni Dada, sunan da yake kirana tun da sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce in zo in zauna kusa da shi, nan ne sautin ya fi daɗi. Na zauna ina kuka kamar yarinya, shi kuma bai dube ni ba, sai ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya, a ɗumamo masa. Ya cinye tas, ya ce miyar ta yi gishiri.

Ka gaida Mansura da kyau, ka shafa mini kan Ahmad da Zahara'u. Aminullahi da Inna Talatu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Ummussalma