Ni Na Zubar Da Garwashin, Baba Issufu Aka Kama

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bin wannan shafi. Daga Madina nake rubuto muku, kuma na san da jin sunan garin wasu za su ce wannan ai ta gama dacewa, me kuma take nema? To ku dakata ku ji. Roƙona ɗaya ne, kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Idan kun kai, duk sunan da kuka kira ni na karɓa, don na riga ku kiran kaina da shi. Sunayen da za ku gani duk na sauya su. Hausar tawa ma ku yi haƙuri da ita, a nan aka haife ni, a bakin kakata na tsince ta.

Mu 'yan ƙasa ne, muna da takardunmu. Kakannina da mahaifin mijina duk da ƙafa suka zo aikin hajji, suka biyo ta Sudan, suka zauna har aka ba su zama 'yan ƙasa. A unguwar Ƙurban muke, ni malamar makarantar 'yan mata ce, mijina Abu Sami kuma ma'aikacin ofis ne. Bana da aka ce za a yi zaɓen majalisar gari sai ya tsaya takara. Mu mata ba mu da ƙuri'a, namu dai dafa shinkafa da nama a kai hema, wato tantin da yake tara mutane. Ana cikin wannan hidima bikin 'yata Samira ya zo, muka kama hayar istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake bayarwa haya, a gefen gonakin dabino can bayan Ƙuba, don a yi wa amarya turare mata zalla.

A danginmu akwai wata al'ada da muka gada, ban san ko ku ma kuna yi ba. Wutar turaren amarya ba a kashe ta da ruwa, wai idan ruwa ya taɓa ta auren zai yi sanyi. Sai dai a juye garwashin a ƙasa ya mutu don kansa. Ni da nake koyar da yara kimiyya, sau nawa na yi wa wannan magana dariya? Amma ranar da abin ya zo kan 'yata, da aka gama turare bayan la'asar na nufi famfo da kaskon, Gwaggona ta daka mini tsawa ta ce, "Ke Ummu Sami, lafiyarki? Auren 'yar taki za ki kashe da hannunki?" Sai na tsinci kaina na juya. Tsakar gidan duk tayil ne da darduma, yara na ta guje-guje ba takalmi, don haka na fita ta ƙofar baya na juye kaskon a gindin katanga. Akwai tarin busassun rassan dabino a wurin. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gan su ba, na gan su sarai. Iska mai zafi tana kaɗawa. Daga saman wani dabino na ji an ce, "Hajiya, a bi sannu da wutar ga, iska na tashi." Na ɗaga kai na ga Baba Issufu ne, na ce, "To Baba," na tura 'yar ƙasa kaɗan da takalmina, na ji an rangaɗa guɗa a ciki ana kirana, na koma da sauri. Kafin magariba sararin sama ya yi baƙi.

Bari in gaya muku waye Baba Issufu. Mutumin Nijar ne daga wajen Tawa, ya zo hajji tun ban yi aure ba, bai koma ba, kuma bai taɓa samun iƙama ba, wato takardar zama. Shi ke kula da gonar dabinon da ke jikin istirahar, shi ke hawa ya sare busassun rassa, shi ke ban ruwa. Aminin surukina ne. Ranar da surukina ya rasu, Baba Issufu ne ya yi masa wanka, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa har maƙabartar Baƙi'a. Matarsa Inna Hajo ita ke toya mana waina a duk wani biki ko suna, har bikin Samira ita ta toya. Tsohon nan ba shi da wani buri a duniya sai ɗaya, kowa ya san shi da shi, ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a kusa da Ma'aiki. Saboda wannan ya bar garinsu da danginsa, saboda shi yake ɓuya duk ranar da aka fito kame. Can baya an taɓa kama shi, mai gonar, wani dattijo Balarabe mai faɗa a ji, ya je ya tsaya masa aka sake shi.

Wutar nan ta ci gonaki, Anti. Dabinon da kakannin mutane suka dasa ya tsaya baƙi ƙirin, bukkokin ma'aikata suka ƙone ƙurmus. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba. 'Yan kwana-kwana suka kashe, suka ce ba su tantance mafarin ba tukuna. Ni kuwa na dawo gida na wanke kaskon na tura shi can ƙarshen kabad, ina cewa gobe zan faɗa wa Abu Sami. Goben ta zo ban faɗa ba. Washegari da hantsi na shiga ɗaki na tarar da shi gaban madubi, yana gyara zaman mayafin kansa yana bitar jawabin da zai yi a hema, da Larabci, yana nuna madubin da yatsa. Wai su waye suke kwana a gonakinmu suna hura wuta suna dafa shayi? Wai su waye ba su da suna a wurin hukuma, ba su da abin asara? Wai baƙin haure ne suka ƙona dabinon Madina, kuma idan aka zaɓe shi zai share su daga unguwannin nan. Na tsaya riƙe da faranti ina kallonsa. Mutumin da ubansa ya shigo ƙasar nan da buhu a ka, ba fasfo ba komai! Amma na san ciwonsa. Tun yana yaro ake kiransa takari a makaranta, sunan rainin da ake kiran baƙaƙen da suka zo daga ƙasashenmu, a waje ko za a yanka shi ba ya yin Hausa, kuma ya ga hanyar nuna wa Larabawa cewa shi ba irin waɗancan ba ne.

Maganar ta kama gari kamar wutar kanta. Sauran 'yan takara suka ɗauka, kowa na ƙoƙarin ya fi wani zafi. Babu wanda ya miƙe a hemar nan ya ce, "Wa ya gani? A ina ta fara?" Ko mutum ɗaya. Suka ci shinkafar da na dafa, suka side hannu, suka tafa masa. Ba a rufa mako ba aka yi wa gonakin ƙawanya aka kwashe ma'aikata zuwa gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Baba Issufu na ciki. Wannan karon mai gonar ya ce ko sunansa kada a ambata masa, tunda shi ya riƙe shi amana ya saka masa da gobara.

Ranar na rufe ƙofa na ce, "Abu Sami, ni ce. Ni na juye garwashin turaren Samira a gindin katanga." Na zaci zai zabura, ko ya mare ni, wallahi da marin ya fi mini. Ko shayin da ke hannunsa bai ajiye ba. Ya ce, "Tayyib, kin zaci ban sani ba? Na je wurin, na ga katangar, daga nan baƙin ya fara. Bukkokinsu suna can ɗaya gefen." Na ce, "Ka sani, ka je ka shafa wa bayin Allah kashin kaji? Ina hujjarka a kansu?" Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Hujja? Ya Ummu Sami, ni zan kawo hujja? Su su kawo hujjar cewa ba su ba ne. Mutumin da ba shi da iƙama ai laifinsa na aljihunsa, idan bai ƙona wannan ba zai ƙona wata." Na ce, "Baba Issufu fa? Shi ya wanke mahaifinka." Ya ce, "Allah Ya ba shi lada. Halas, maganar nan ta mutu a ɗakin nan. Idan ta fita, masu gonaki za su tsaya a kanmu, surukan Samira za su ce auren gobara suka ɗauko, ni kuma na zama abin dariya. Ranar da kika buɗe baki, ki wuce gidanku daga can." Ya kurɓi shayinsa ya ce sukari ya yi kaɗan.

Tun daga ranar ƙyamarsa nake ji.  Ina kallonsa yana shafa turare zai tafi sallah a Harami, yana gaisa da mutane hannu a ƙirji, sai in ji kamar in tofar da yawu. Amma kada ku ɗauka ni ta kirki ce a labarin nan. Kwana kaɗan bayan haka muna zaune a gidan wata maƙwabciya, matan unguwa, mu da kakanninmu suka zo da ƙafa, ana ta "ai waɗannan mutanen sun ɓata mana suna," "ai gara a kwashe su mu huta." Wata ta juyo ta ce, "Ummu Sami, ku da kuka yi biki kusa da wurin, ba su ba ne?" Kun san me na ce? Na ce, "Allahu a'alam, amma dai suna hura wuta a can." Da bakina. Na ɗauki dabino na kai baki. Wace irin mace ce ke yin haka? Ta yaya zan tsaya gaban 'yan mata gobe in ce musu kada su faɗi abu sai da dalili?

Shekaranjiya da safe Inna Hajo ta zo. Ita ba a kama ta ba, tana ɓoye a gidan wasu 'yan garinsu a unguwar Harra ta Yamma. Ta zauna a bakin darduma, ta ƙi hawa kujera kamar yadda ta saba, da wani ƙunshi a cinyarta. Na zaci roƙon Abu Sami ta zo yi. Ta ce a'a, wani da aka sako ne ya kawo mata saƙon Malam, wato mijinta. Ya ce a aika masa da likkafaninsa, wanda ya wanke da zamzam ya ajiye shekara da shekaru, tunda an ce kafin ƙarshen wata za a kwashe su Jidda a sa su jirgi. Shi ne a ƙunshin, tana neman wanda zai kai, don ita idan ta je ba za ta fito ba. Sai ta rage murya ta ce, "Ɗiyata, ya kuma ce in gaya miki ki kwantar da hankalinki. Da anka tambaye shi, ya ce shi dai ya ga wuta ta taso daga katangar gidan biki. Sunka ce mishi ya kawo shaida. Shi ko wa gare shi? Sunanki bai hito bakinai ba, kuma ba shi hitowa. Ya ce amarya ba ta yi laihin komi ba."

Anti, kun ji fa. Shi da ya gani da idonsa an ce ya kawo shaida. Mijina da ya tsaya gaban ɗaruruwan mutane ya ɗora musu gobara, har yau ba wanda ya tambaye shi ko rabin shaida. Shaidar da ake nema kuwa ni ce, ga ni zaune ina zuba wa matarsa shayi. Na karɓi ƙunshin na ce zan san yadda za a yi. Ta yi ta sa mini albarka har bakin ƙofa.

Na san idan na je wurin mai gonar na gaya masa gaskiya, zai iya tsaya wa tsohon nan kamar yadda ya taɓa yi, ya fito ya ƙarasa 'yan kwanakinsa inda ya zaɓa. Na kuma san ranar aurena zai mutu, watakila da na Samira, auren da na ƙona gonakin mutane don kada ya yi sanyi. Na yi istigfari har na rasa me zan ƙara cewa, amma istigfarin nawa ba zai sauko da shi daga jirgi ba. Yanzu ko ƙanshin turaren wuta na ji a gidan mutane sai na tashi na fita. Likkafanin yana cikin kabad ɗina, da na buɗe zan ajiye shi sai na ga ba wurin da ya rage sai kusa da kaskon, a nan na sa shi. Ban kai masa ba, don kai masa na nufin na yarda a binne shi a wani wuri. Wata kuma ya kusa ƙarewa.

Don girman Allah ku gaya mini gaskiya, kada ku lallashe ni. Me zan yi?