Na Musanya Kyamarar Surukina, Hoton Inna Bai Fito Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Allah ya ƙara rufa mana asiri baki ɗaya. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma ina roƙo, wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna, don duk sunan da zai kira ni da shi na riga na kira kaina. Shawara nake nema, abin ya fi ƙarfina.

Ni magidanci ne a Yelwan Yawuri, ina da ɗan shago a bakin kasuwa. Da gyaran waya na fara, daga baya na gano cewa samarin Abuja da Legas sun koma son tsofaffin kyamarori masu fim, irin waɗanda mu nan muka jefa ƙarƙashin gado. Sai na shiga yawo ƙauyukan Shanga da Ngaski ina saye a hannun tsofaffin masu hoto ko magadansu, in kwance, in goge fumfunar da ta kama gilashi, in sa mai, in ɗora a waya, a saya in aika a mota. Wanda ya koya mini wannan aiki kuwa surukina ne, mahaifin matata, wanda nake kira Baba. Mai hoto ne a Wara tun ƙuruciyarsa, babu biki ko suna ko masuncin da ya kamo giwan ruwa da bai tsaya gaban kyamararsa ba. Shi ya nuna mini yadda ake buɗe kyamara ba a ji mata ciwo ba. Ya ba ni 'yarsa, wadda zan kira Hadiza a nan, ya kuma ba ni sana'a. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, haske da inuwa kawai yake bambancewa.

A farkon shekarar nan muka je gaishe su, sai ya ɗauko kyamararsa da ya fi ƙauna, ƙirar Japan, baƙa, mai nauyi, da jakarta ta fata da maɗaurin da zufarsa ta rine. Ya ce, "Ɗana, wagga ita ce uwargidan kayana. Hannunta ya yi tauri, ka tahi da ita ka duba min." Na kawo ta shago, na gyara, ta dawo kamar yau aka ƙera ta. Don burga kawai na ɗauki hotonta na sa a waya. Wani babban mai saye na Abuja ya gani, ya kira ni. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya sake kira, ya ƙara, ya ce in na ba shi ita, duk kayan da zai saya nan gaba a wurina zai saya. Wallahi ba yunwa ke damuna ba, ba ciwo a gidana, ba wanda ya matsa mini. Kwaɗayi ne tsagwaronsa. Ina da wata irinta sak a shago wadda na saya don cire kayan gyara, jikinta lafiya lau, in ka leƙa kana ganin komai, in ka danna tana ƙara, amma ɗan labulen da ke ciki, wanda yake buɗewa haske ya shiga ya taɓa fim, ya manne ya mutu. Shaiɗan ya ce mini, tsoho makaho me zai yi da kyamara in ba ya rataye a bango ya riƙa shafawa ba? A ina ma zai samu fim a Wara? Na cire maɗaurin Baba na ɗaura wa matacciyar, na sa ta a jakarsa, tasa kuma na naɗe na kai tasha.

Ranar da na mayar masa, ya daɗe yana shafa ta da yatsu. Ya kai ta kusa da kunne ya danna. Ya ce, "Muryarta ta ɗan sake." Na yi sauri na ce, "Mai na sa mata, Baba." Ya yi murmushi ya ce, "Awo, shi ya sa. Allah shi yi maka albarka." Na amsa da amin. Ku ji fa, na amsa da amin.

Ga inda abin ya zama masifa. Surukata, Inna, ta yi zaman aure da mai hoto shekara da shekaru amma ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba. Mace ce mai kunya da kafiya, sana'arta bandar kifi, kullum cewa take ita mai warin hayaƙi me za ta yi a cikin hoto. Ɗan ƙaramin hoton da ke jikin katinta na shaida ma ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakinsu ya rushe. In aka ɗaga waya a gidan biki, mayafi take ja ta rufe fuska. Bayan ƙaramar salla ciwo ya kama ta, tana ramewa, aka kai ta asibiti aka dawo, kowa ya gane ba a faɗa ba. Rannan sai ga kiran Baba, muryarsa cike da murna. Ya ce, "Ɗana, ta yarda! Innarku ta yarda in ɗauke ta. Ka samo min fim ka taho da iyalinka."

Me ya hana ni faɗin gaskiya a lokacin? Ina da kyamarori masu aiki a shago, me ya hana ni ɗaukar ɗaya in ce Baba ga wannan ta fi kyau? Na san amsarsa, zai ce shi da tasa zai ɗauka, zai tambayi dalili, daga nan asirina ya tonu a gaban matata da iyayenta. Na yi ta yaudarar kaina, na ce in mun isa zan faki ido in buɗe ta in taɓa labulen ko Allah zai sa ya saki. Muka isa, kyamara tana rataye a wuyan Baba, bai cire ta ba sai da ya miƙo mini in sa fim, yana tsaye a kaina. Na sa fim a cikin gawa, na rufe, na miƙa masa.

Da hantsi ne. Aka fitar da kujera bayan gida, inda ake hango ruwa da jiragen masunta. Hadiza ta yi wa Inna wanka, ta sa mata atamfarta shuɗiya, ta ɗaura mata kallabi, ta sa mata kwalli. Da Inna ta zauna sai Hadiza ta zaro wayarta a hankali. Inna ta gani, ta ce, "Aje abin nan, ɗiyata. Na hana ubanki tun ina yarinya, ba ni ba waya abin da na hana shi. Shi kaɗai za ya ɗauka." Hadiza ta yi dariya ta mayar da waya cikin jaka. Tawa wayar tana aljihuna, ina jin nauyinta a cinyata.

Baba ya ɗaga kyamara ya sauke, ya ce, "Ɗana, ara min idonka. Daidaita min ita, ni in danna." Na karɓa na leƙa. Na ga Inna tar, hasken ruwa a gefen fuskarta, ta haɗa hannuwa a cinya, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi ya ƙi ɓoyuwa. A duk aikina ban taɓa ganin hoto mai kyan wannan ba. Na murɗa gilashi har ƙwayar idonta ta fito, na riƙe kyamarar, Baba ya ɗora yatsansa ya danna. Ya yi ta dannawa yana ce mata ɗago haɓa, dubi nan, har ta ce, "Malam, ka gama ko sai na ƙara tsufa?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Bakina ya buɗe ya kai sau nawa in ce a tsaya, kunya ta hana ni. Na ce a raina bari ta samu sauƙi, in dawo da kyamara mai aiki in ce a ƙara wani.

Inna ba ta samu sauƙi ba. Kafin damina ta ƙare Allah ya karɓi abarsa.

Na aika fim ɗin Legas wurin mai wankin hoto, ina addu'a ko da guda ɗaya ne ya kama. Mutumin ya kira ni ya ce, "Malam, fim ɗinka fari ne tas. Haske bai taɓa shi ba ko kaɗan, ka duba kyamararka." Na zauna a shago na rasa inda zan sa kaina. Na kira mai sayen nan na Abuja na ce ya dawo mini da ta Baba ko nawa ne, ya ce ai tuni ta wuce hannu. Kuma ko da ta dawo, za ta dawo da Inna kan kujera ne?

Tun daga nan ƙarya nake ci, ƙarya nake sha. Na ce masu wanki layi ya yi musu yawa. Na ce maganin wanki ya yanke. Na ce mai wurin ya yi tafiya. Hadiza ta sayo firam babba mai ruwan zinare, ta share bango a falo, ta buga ƙusa. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce, "Nan za mu sa Inna in hoton ya iso." 'Yarmu ƙarama ta fara manta fuskar kakarta, uwar tana ce mata ki bari za ki gan ta. Rannan ina cin tuwo Hadiza ta ce, "Maigida, ka matsa musu mana. Wallahi wani lokaci in na rufe ido sai in ga kamanninta suna guje mini." Na tsame hannu na ce ciki ke damuna. Ta tashi ta jiƙa mini kanwa. Wace irin azaba ce ta fi wannan, wadda ka cuta tana yi maka jinya?

Juma'ar da ta wuce na je Wara. Na tarar da Baba zaune a bayan gida, daidai inda aka ajiye kujerar nan, ya rame. Muka gaisa, sannan ya ce, "Ɗana, in tambaye ka, ka hwaɗa min gaskiya. Hoton nan bai hito ba ko?" Na ce a raina yau dai ta ƙare. Kafin in yi magana ya ci gaba, "Na san kana ɓoye min ne don kar raina shi ɓaci. In bai hito ba, laihina ne. Makaho da rawar hannu, na nace sai ni. Da na bari ɗiyar nan ta ɗauka da waya, da yanzu tana da uwarta. Son kaina ya hana ta." Sai hawaye a idon nan nasa da ba ya gani. Dattijon da ko ranar jana'iza ban ga kukansa ba.

Kun san me na ce? Na ce, "A'a Baba, kar ka ce haka, yana nan zuwa." Ya share fuska ya ce, "To, Allah shi kawo shi. Ni ba gani zan yi ba, amma in ya zo ka aza min hannu a kai, ka hwaɗa min yadda ta hito."

Abokina ɗaya da na gaya wa ya ce in ɗora laifin a kan masu wanki, in ce sun lalata, a yi baƙin ciki a wuce. Ya ce ko kuma in nemi hoton ƙanwar Inna da suke kama, a gyara a kwamfuta, tsoho ba zai gane ba. Amma Hadiza fa, za ta kasa gane uwarta? Kuma ko na ce masu wanki ne, na ga Baba, ba zai yarda ba, kansa zai ci gaba da zargi har ya koma ga Allah. In kuma na fito na faɗi gaskiya, Baba mutum ne mai hawan jini, ga sabon rashi, ina tsoron abin da zai same shi in ya ji ɗan da ya amince wa ne ya yi masa haka. Hadiza kuwa mace ce mai haƙuri, amma a kan Inna ban san ko za ta iya sake kallon fuskata ba. Ina son matata, ina son yarana, ba na son gidana ya watse. Na yi istigfari, na yi sadaka da abin da na samu a cinikin, amma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, kuma ta yaya zai yafe abin da bai san an yi masa ba?

'Yan uwa, musamman malamai da iyayenmu da ke wannan shafi, ku dube ni da idon rahama. In fara gaya wa Hadiza, ko in je in durƙusa gaban Baba tukuna? In nemi wani dattijo ya raka ni, ko hakan ƙara tona asiri ne? Ko in yi shiru in bar tsoho yana ɗauke da laifin da ba nasa ba? Baba ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai sa a kawo shi Yelwa, mu kira mai wankin tare ya ji daga bakinsa.

Don Allah, me zan yi?