Rigunan da Auta Ya Ɗinka

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan da kike ta ɓoye mana, don 'yarki ta riga ta tona miki asiri a waya. Mu nan muna nan lafiya gwargwado. Gwaggo ƙafa ce kawai ke damunta, baki kam yana nan da ƙarfinsa. Idon Kawu ya washe tun bayan aikin da aka yi masa, har ya fara gano ƙurar da ke kan tagoginmu yana yi mana faɗa. Yarana suna makaranta, babansu kuma yana ta fama da aiki. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, saboda raina a ɓace yake, kuma kin san ni, in na fara magana cikin fushi ƙarshen zance nake fara kawowa.

Maganar Auta ce. Tun rasuwar Baba bai dawo daidai ba. Shi ya yi jinyarsa, shi ya riƙe masa kai har ƙarshe, kuma a ranar bai zubar da hawaye ba, kowa yana yaba masa dauriya. Daga baya sai shago ya fara buɗuwa a makare, yadin mutane ya taru a kan tebur ba a yanka ba. Matarsa ta ce mini yakan zauna gaban keken ɗinki, ƙafarsa a kan feda, ba ya takawa, yana kallon allura kawai. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai an matsa. 'Yan uwa kowa ya zo sai ya ce ya yi haƙuri ya dangana, kamar wani ya ce musu bai dangana ba. Ni da nake aikin jinya na san abin da nake gani. Ciwon damuwa ne, yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi, amma sai mai shi ya yarda ya zauna gaban likita.

Ana cikin haka sai aka kawo wa asibitinmu wani shiri na kula da lafiyar ƙwaƙwalwar jama'a baki ɗaya. Wallahi Yaya na yi murna, don na daɗe ina roƙon irinsa. A teburin awon jini nake wuni, kuma da yawan waɗanda nake ɗaura wa abin awo a hannu ba jini ne ya kawo su ba. In na tambaye su barci a hankali, sai ki ga mace ta sunkuyar da kai ta fara faɗin abin da ke cinta. Shirin ya ba mu horo mai kyau, an gyara mana ɗaki, an kuma sa likita ya riƙa zuwa kowane mako. An haɗa mu da wani jami'i da muke kira Mai Lasifika, don ko gaisuwa zai yi sai an ji shi a ɗakin haihuwa. Ba mugu ba ne. Shi ma ya taɓa fama da wannan ciwo ya warke, kuma ya yi imani cewa kunya ba ta mutuwa sai an faɗi abu a bainar jama'a.

Da aka ce za a yi wa ma'aikata riguna na ranar buɗe shirin, sai na nema wa Auta aikin, ko hannunsa zai motsa. Ya kuwa motsa. Matarsa ta ce ta ji ƙarar keke har ta tsaya a ƙofa tana saurare. A gaban kowace riga ya ɗinka rubutun da aka ba shi, wai ka yi magana muna sauraronka. Ni kuma ina zuwa shagon da sunan duba aiki, ina lallaɓa shi kaɗan-kaɗan, har ranar da ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, zai ga likitan, amma da sharaɗin kada kowa ya sani. Muka shirya in ya kawo rigunan ranar taro, sai ya zagaya ta baya ya shiga ɗakin likita lokacin da hankalin kowa ke wajen rumfar taro. Da yake ta hannun Mai Lasifika ake samun ganin likitan, dole na sanar da shi, na kuma ja masa kunne cewa magana ce tsakaninmu.

Ranar taro an cika maƙil. 'Yan kasuwa, maƙwabta, masu kawo wa Auta ɗinki, har surukinsa yana zaune a layin gaba. Auta ya iso da jakar sauran rigunan, tef ɗin awo a wuyansa, yana neman hanyar zagayawa. Sai kawai na ji Mai Lasifika ya ce a tafa wa telan da ya ɗinka waɗannan riguna. Aka tafa, ban damu ba. Sai ya ci gaba, wai wannan bawan Allah shi ma yana fama da ciwon damuwa, yau ya yi jarumta zai ga likita, don haka ya taso ya faɗa wa jama'a labarinsa kowa ya yi koyi. Mutane suka juya gaba ɗaya. Auta ya tsaya, ya neme ni da ido har ya same ni, ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya ajiye jakar a ƙasa, ya ratsa tsakanin kujeru ya fice, wasu marasa kan gado suna ta tafi har ya kai bakin titi.

Na sami mutumin nan bayan taro, na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni a wurin aiki ba. Ya yi ta rantsuwa cewa alheri ya nufa, ya ce shi ma ai ya ba da nasa labarin a gaban dubban mutane bai mutu ba. Na ce masa nasa labarin nasa ne, shi ya zaɓi ranar da zai faɗa, wannan kuwa amana aka ba shi. Ya ba da haƙuri har idonsa ya kawo ruwa, ya ce zai je gida ya roƙi gafara, na ce ya rufa mana asiri ya zauna inda yake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba Auta kaɗai aka kora ba. Ɗakin da aka gyara yana nan fes ba mai shiga, likita ya zo ya zauna ya tashi. Matan da suke buɗe mini ciki a teburin awo yanzu lafiya lau kawai suke cewa. Wata tsohuwa har ta tambaye ni ko abin da ta gaya mini kwanaki shi ma za a sa a lasifika. Shirin da aka kawo don gari guda ya sa gari guda ya kama bakinsa.

A unguwa kuwa zance ya zama wai tela ya taɓu. Wasu sun zo sun karɓe yadinsu. Surukinsa ya fara cewa zai ɗauki 'yarsa da yara su je su huta a gida, ita ce ta ƙi. Shago a rufe yake. In na je ba ya korata, ba ya kuma amsa mini, sai ya juya wa bango fuska. Shekaranjiya matarsa ta ce ya ba telan da ke kusa da su almakashinsa, wanda Baba ya saya masa ranar da ya gama koyon sana'a. Wannan ya tsorata ni ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Mun shirya da ita da Kawu ba a barinsa shi kaɗai, likitan ma ya yarda ya zo gida cikin kayan gida kamar mai ziyara. Amma ba zan sake kai masa kowa ba sai da yardarsa, kuma ni yanzu ba ni da bakin nemanta.

Ke kike da shi, Yaya. Ke kika goya shi bayan rasuwar Mama, har yau muryarki ce kaɗai take sa shi gyara zama. Ki kira shi. Kada ki yi masa wa'azi, an yi masa ya ishe shi, kada kuma ki fara da faɗan nan naki na ƙauna. Na san yadda wayarku take, ki ce lafiya, ya ce lafiya lau, ki ce madalla, sai ki koma tambayar yara. Wannan karon in ya ce lafiya lau, ki yi shiru ki jira shi, ko da shirun zai yi miki nauyi. In ya buɗe baki, ki roƙe shi ya bar likitan ya zo. In bai buɗe ba, ki sake kira washegari.

Tawa rigar tana cikin jakar da ya ajiye. Sai da na zo gida na gwada na ga ya rage mata kafaɗa da ƙugu, alhali ban ba shi sabon awo ba. Yana cikin wannan hali ya lura na rame, bai faɗa wa kowa ba, ni ma bai faɗa mini ba, ya gyara abinsa ya ninke ya sa a ƙasan jaka. Na zauna a bakin gado da rigar na yi kuka mai isata. Har yau na kasa sa ta zuwa aiki.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da babbar 'yarki mai tona asiri, da 'yan biyu, da takwarata. Gwaggo da Kawu suna gaishe ki, matar Auta ma ta ce in miƙa gaisuwarta da roƙon addu'a. Auta dai bai ce in gaishe ki ba, kuma na daina magana da yawunsa. Tasa gaisuwar sai ki karɓa daga bakinsa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki ta asibiti